Sharhin Bayan Labarai: Jami'ar Ahmadu Bello da Amanar Tarihinta

 Yau Samaru ta Zariya za mu nufa, mu tattauna kan yadda jami'a za ta riƙe tarihinta, tun daga takardun da ke jibge a ofisoshinta har zuwa abin da ke cikin kawunan tsofaffin da suka yi mata bauta.

Ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ƙofarta da ɗalibai 426. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, shi ne uban jami'ar na farko, shugabanta na farko kuwa Dokta Norman Alexander ne, masanin kimiyya ɗan ƙasar Niyu Zilan. To, a yi lissafi. Saurayin da ya shiga aji a wannan shekara yana ɗan shekara 20, yau ya haura 80. Masinjan da ya kai wa shugaban jami'a wasiƙa a wancan zamani, in yana raye, ya girmi wannan ɗalibi. Saboda haka maganar da za mu yi yau tana da wa'adi.

Ita wannan jami'a harhaɗa ta aka yi daga cibiyoyin da suka girme ta. Akwai tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta fara tun shekarun 1920. Akwai gonar dabbobi ta Shika. Akwai makarantar horar da akawuna ta unguwar Kongo a Zariya, wadda ta rikiɗe ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki. Akwai Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya reshen Zariya, inda a 1958 wasu ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane-zane a ƙasar nan. Sai Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta ci gashin kanta ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Kowace daga cikinsu ta zo da fayil-fayil ɗinta, da ma'aikatanta, da labarinta. Shi ya sa tarihin jami'ar tun asali a warwatse yake: wani a ofishin magatakarda, wani a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, wani a Kongo, wani a Shika, wani a Kano, wani a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wani kuma yana Ingila cikin akwatunan 'ya'ya da jikokin Turawan da suka koyar a nan.

Bari mu fara da takarda. Jami'a gidan rubutu ce. Duk zaman da majalisar gudanarwa ko majalisar malamai ta yi, sai an rubuta abin da aka zartar. Ga rajistar ɗalibai, ga taswirar gine-gine, ga takardun ɗaukar aiki, ga jawaban bikin yaye ɗalibai, ga mujallun ƙungiyoyin ɗalibai da takardun zuga da ake mannawa a bango da dare. Amma duk wanda ya taɓa shiga siton tsofaffin fayil na wata ma'aikata a ƙasar nan ya san halin da takarda take shiga. Za ka tarar da su an ɗaure da igiya an tula a ƙasa. Na can ƙasa sun sha laimar damina sun manne da juna, fumfuna ta baƙanta su. Gara ta gina hanyarta ta bayan kabad, ta cinye tsakiyar fayil ta bar maka bango. Allurar da aka maƙale takardu da ita ta yi tsatsa ta huda kusurwa. Takardar da aka buga da kafireta a kan siririn kwafi ta bushe da hunturu, kana ɗagawa tana karyewa. In aka yi sabon shugaba yana neman ofis, sai a ce a kwashe wannan tarkace, wani lokaci ma a cinna masa wuta, ko ya ƙare a hannun mai ƙosai.

Gobara kuma ba ta sallama. A watan Oktoba na 2016 wuta ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos a mazauninta na Naraguta. A watan Afrilu na 2021 wutar daji ta gangaro daga dutse ta kama Ɗakin Karatu na Jagger a Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ta hallaka ɗimbin littattafai da finafinai na nazarin Afirka. Wannan jami'a ce mai kuɗi da ƙwararru. Cikin abin da ya tsira akwai wanda ke bayan ƙofofin tare wuta, da wanda aka riga aka ɗauki hotonsa aka ajiye a wani wuri.

To amma ko da an tsare kowace takarda, jama'a, rabin labari aka tsare. Takardar ofis tana gaya maka abin da aka yanke, ba ta cika gaya maka yadda aka kai ga yankewa ba. Magatakarda zai rubuta layi ɗaya cewa majalisa ta tattauna ta amince. Awa huɗu na musu, da wanda ya fice cikin fushi, da wanda aka je gidansa da dare aka lallashe shi, duk sun shige cikin wannan layi guda.

Ɗauki shekarar 1966. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, jami'ar tana 'yar shekara uku da 'yan watanni. A wannan shekara Dokta Ishaya Audu, likitan yara ɗan ƙasar Zazzau, ya karɓi ragama, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabance ta, ya riƙe ta har 1975. A shekarar ce kuma rikici ya sa malamai da ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas suka bar Arewa. Fayil zai nuna maka sunan wanda ya bar aiki da ranar da aka tsayar da albashinsa. Wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki, da direban da ya kai mutane tashar jirgin ƙasa, da yadda aka ci gaba da darasi a sashen da malamansa suka watse, wannan sai a bakin wanda ya gani.

Ɗauki kuma watan Afrilu na 1978, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini ya tayar da zanga-zanga a jami'o'in ƙasar nan, ɗalibai suna neman Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya sauka. An rasa rayuka a Zariya. Shekara takwas bayan haka, takaddamar da ta biyo bayan jerin gwanon tunawa da waɗannan mamata ta kai ga ranar 23 ga Mayu, 1986, ranar da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a harabar Samaru. Gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda ɗalibai suke faɗa ba su zo ɗaya ba. Waɗanda suke ɗakunan kwana na Amina da Ribadu da Suleiman a wannan rana, da ma'aikatan asibitin jami'a da suka karɓi masu rauni, da malaman da suka shiga tsakani, da yawansu suna nan da ransu, wasu sun yi ritaya, wasu suna gab da yi. In ba a ji daga bakinsu ba, jikokinmu rahoton kwamiti kawai za su gada.

Ba tarihin baƙin ciki kaɗai ake nufi ba. A 1988 jami'ar ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, abin da ya ɗaga darajar waƙar baka a idon 'yan boko. Wa ya fara kawo shawarar? Wane irin musu aka yi kafin a yarda? A 1982 an yi wani taro a jami'ar wanda ya haifar da ƙungiyar Mata a Najeriya, wadda ta yi tashe wajen fafutukar haƙƙin mata. Su wa suka dafa abincin baƙi, su wa suka buga takardu, me mazajensu da iyayensu suka ce? Manomin da ke shuka irin masara ko dawa ko gyaɗa ko wake mai suna da ya fara da SAM, daga Samaru irin ya fito. Sunan masanin da ya jagoranci binciken yana cikin mujalla. Leburan da ya yi shekara 30 yana rufe kan dawa da jaka don kada iri ya gauraya, shi ma yana da abin faɗa game da yadda aka samo wannan iri. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arziƙin noma, David Norman, ya yi nazarin ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, binciken da ya taimaka wajen nuna wa masana cewa haɗa amfanin gona iri-iri a gona ɗaya da manomanmu suke yi hikima ce. Malaman gona da suka zauna a ƙauyukan suna rubuta aikin kowane gida, da 'ya'yan manoman da aka auna gonakinsu, suna da nasu gefen labarin.

Abin da ya sa muka zaɓi Zariya, babu inda ya fi ta sanin wannan aiki. A garin Giwa na ƙasar Zazzau ne Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba mutuniyar Karo, a ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta labarin rayuwarta da hannu. Baba ta rasu a 1951, littafin labarin rayuwarta ya fito a 1954. Da an jinkirta wannan zama da shekara biyu, da duniya ta rasa ɗaya daga cikin muhimman shaidu kan rayuwar matan Hausa tun kafin zuwan Turawa. A Zariya ne Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Sashen Tarihi, ya jagoranci Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya bi gari-gari yana tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami. Shi ne kuma ya aza harsashin Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a harabar gidan da Sardauna ya zauna. Ɗalibinsa, Dokta Yusufu Bala Usman, ya zaga ƙasar Katsina yana hira da dattawa, ya kuma koyar da cewa kowace shaida, ta baka ce ko ta Bature matafiyi, sai an tantance wanda ya faɗe ta da dalilinsa na faɗa. A ƙetaren iyaka ma, tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a birnin Yamai, da ƙoƙarin masanin tarihi Boubou Hama da tallafin hukumar UNESCO.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Jami'o'inmu sun ƙware wajen aika ɗalibi ya je ya naɗo tarihin masarauta ko na kasuwa ko na wata sana'a. Lokaci ya yi da za su juyo da rikodar cikin gida. An taɓa yin yunƙuri mai kyau: marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi ya shirya littafin tarihin jami'ar daga 1962 zuwa 1987, lokacin da ta cika shekara 25. Shekarun da suka biyo bayan 1987 sun fi waɗanda littafin ya ƙunsa yawa. A cikinsu aka kori malamin jami'ar Dokta Patrick Wilmot daga ƙasar a 1988. A cikinsu tsarin tsuke bakin aljihu ya kori malamai zuwa ƙasashen waje, aka yi dogayen yajin aiki, har ta kai a 1995 gwamnatin soja ta naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora ya riƙe jami'ar shi kaɗai. Su kuwa manyan shaidu suna ta tafiya. Abdullahi Smith ya rasu a 1984. Ishaya Audu da Bala Usman duk sun rasu a 2005.

To yaya ake wannan aiki? Ba ya buƙatar gini mai hawa bakwai. Jami'ar Kolombiya ta Amurka ta fara nata tun 1948, da ɗan ƙaramin ofis a ƙarƙashin masanin tarihi Allan Nevins. Matakin farko shi ne jerin sunaye, a jera su bisa shekaru da ƙarfin jiki, mafi tsufa a sama. Kada jerin ya tsaya kan farfesoshi. A sa kuku da mai gadi da direba, a sa uwar ɗakin kwanan 'yan mata, a sa akawun da ya buga takardun jarrabawa, a sa matan farko da suka yi digiri a zamanin da ake ganin karatun 'ya mace ɓata lokaci ne. A sa mutanen Samaru da Bomo da sauran ƙauyukan da jami'a ta zauna a kan gonakin iyayensu, a ji abin da suka samu da abin da suka rasa.

Mataki na biyu shi ne shiri. Mai hira ya karanta fayil kafin ya je, don ya san abin da zai tono. Ya je da ladabi, ya gaisa, ya bayyana abin da ke tafe da shi, ya bar dattijo ya zaɓi harshen da ya fi sakewa da shi, Hausa ko Turanci ko wani. Tambayar da ake amsawa da e ko a'a ba ta fitar da komai. In ka ce, “Baba, an ji daɗin aiki a zamaninku?” zai ce maka alhamdulillahi, magana ta ƙare. In kuwa ka ce, “Baba, ranar da ka fara aiki, wa ka fara tararwa a bakin ƙofa, me ya ce maka?” to ka buɗe rumbu. Ka ce, “Hajiya, da sakamako ya fito aka ce za ki Zariya, me mahaifinki ya ce?” sannan ka yi shiru. Shirun mai hira rabin aikinsa ne. A tafi da tsohon hoto ko tikitin cin abinci na wancan zamani, domin abin da ido ya gani yakan farkar da abin da zuciya ta manta. A kashe fanka da janareta in da hali, a zauna nesa da titi, kada a wahalar da tsoho fiye da awa ɗaya da rabi. Gara a dawo gobe.

Mataki na uku shi ne amana. Kafin a kunna rikoda, a gaya wa mutum inda muryarsa za ta je da wanda zai iya saurare, ya amince a rubuce ko da bakinsa a farkon naɗin. In ya ce wani sashe kada a buɗe shi sai bayan ransa, ko sai bayan shekara 20, a rubuta a kuma cika. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma tun kafin doka, al'adarmu ta san nauyin sirrin da dattijo ya danƙa maka. A kuma mayar masa da kwafi, iyalinsa su ajiye.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Hirar da ke cikin wayar ɗalibi ba ta shiga taska ba tukuna. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan. Dole a rubuta sunan mai magana, da ranar hira, da wurin, da mai tambaya, da taƙaitaccen abin da aka tattauna. A kwafe maganar a rubuce yadda aka faɗe ta, ba tare da an yi mata kwaskwarima ba. A ajiye kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani gari dabam, misali ɗaya a Samaru, ɗaya a Gidan Arewa, ɗaya a ma'ajiyar intanet. A kuma damƙa aikin ga ma'aikaci na dindindin, wanda ba zai tafi da tafiyar shugaban da ya kawo shi ba.

Akwai masu cewa maganar baka ba abin dogaro ba ce, tsoho yana mantuwa, yana kuma gyara labari don ya fito da kansa fes. Gaskiya ne, yakan rikita shekara, yakan haɗa aukuwa biyu ta zama ɗaya. Amma ita ma takarda mutum ne ya rubuta ta, kuma sau da yawa mai iko ne ya sa aka rubuta. Maganin abin shi ne a gwama: a ji daga bakin mutum biyar, a duba fayil, a duba jaridun lokacin irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Inda suka dace, an sami tabbaci. Inda suka saɓa, nan mai bincike zai zauna ya yi aikinsa. Wasu kuma za su ce tone-tone zai tayar da tsohon miki, a bar kaza cikin gashinta. Amsa ita ce, jami'ar da ta tara yabo kaɗai, kundin talla ta haɗa. A naɗi wanda ya yi mulki, a naɗi wanda ya yi masa bore, a ajiye su a kabad ɗaya, masu zuwa su yi hukunci.

Sauran magana ɗaya mai gaggawa, ita ce ta tsofaffin kaset da faifan zare da aka riga aka naɗa tun shekarun 1960 zuwa 1990: laccoci, da tarukan ƙara wa juna sani, da waƙoƙin makaɗa, da hirarrakin da ɗaliban tarihi da na Hausa suka yi don kundin digirinsu. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, yakan manne ko ya riƙa zubar da garin da ke riƙe da murya. Ko zaren ya tsira, na'urar da za ta karanta shi tana ƙarewa, masu gyaranta suna tsufa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa daga wajen 2025 samun na'urorin da kayan gyaransu zai yi matuƙar wuya. Gidan rediyon Kaduna, wanda shi ma a 1962 ya fara aiki, da sauran kafafen yaɗa labarai, su ma wannan gargaɗi ya shafe su, domin a faifansu aka naɗi bukukuwa da jawabai da dama na jami'ar.

Batun kuɗi kuwa, rikoda mai kyau da makirufo ba su kai kuɗin tayoyin motar ofis ba. Jami'ar da ta yaye marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da gwamnoni da ministoci da sarakuna da attajirai ba za ta rasa mai ɗaukar nauyin ɗaki ɗaya mai sanyi da ma'aikata uku ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana ba da kuɗin bincike da na ɗakunan karatu. Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na ceto takardun tarihi da ke cikin haɗari. Ɗalibai kuma ga su nan: in kowane ɗalibin ajin ƙarshe a sassan Tarihi da Hausa da Aikin Jarida da Kimiyyar Ɗakin Karatu ya naɗo hira ɗaya mai inganci a shekara, cikin shekara biyar an tara abin da babu kuɗin da zai saye shi daga baya.

Kiranmu ga hukumar Jami'ar Ahmadu Bello, da ta Bayero, da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Maiduguri, da ta Abdou Moumouni a Yamai, shi ne kowace ta tsayar da doka cewa babu fayil da za a ƙone ko a zubar sai mai kula da taskar tarihi ya sa hannu, kuma duk ma'aikacin da zai yi ritaya, babba ko ƙarami, a zauna da shi a naɗi labarinsa kafin ya kwashe kayansa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su sa wannan a cikin ajandar taronsu na gaba.

Kai kuma mai sauraro, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ta yi karatu ko aiki a ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, kada ka jira kwamiti. Ka nemi izini, ka kunna wayarka, ka faɗi suna da kwanan wata, ka yi tambaya, ka saurara. Hotuna da wasiƙu da takardun shaida da ke cikin adaka, a fito da su a ɗauki hotonsu, a rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun da sauran mai gane fuskokin. Sannan a kai kwafi ɗakin karatu na jami'ar.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya. A huta lafiya.